Ɗana, Ka Janye Hannunka Tukuna

Ɗana, kai da aka damƙa wa amanar kwamfuta a shagon buga takardu a Dogarawa, ko a bakin kwalta a Galmi, ko a ofishin wata makaranta da ke cikin karkara, akwai ranar da za ta zo maka in ba ta riga ta zo ba. Za ka kai linzami kan ɗan hoton kwandon shara, wanda aka rubuta Corbeille a ƙarƙashinsa, ka danna sau biyu, ya ƙi buɗewa. Wani lokaci ɗan zoben nan ya yi ta juyawa har ka gaji da kallo. Wani lokaci taga ta buɗe fara fat, babu komai ciki. Wani lokaci kuma kwamfutar ta fito maka da saƙo cewa kwandon da ke diski C ya lalace, ta tambaye ka ko kana so a zubar da abin da ke ciki, ta ajiye maka Oui da Non. Ga mai takarda tsaye a kanka, yana cewa motar Ƙonni za ta tashi ta bar shi, takardarsa kuwa jiya ka share ta bisa kuskure. Yatsanka zai nufi Oui da kansa, don mun saba ganin kalmar nan ita ke sa saƙo ya ɓace. To, ka janye hannunka tukuna.

Oui ɗin nan na gyara kwando kam, ba ƙarya. Sai dai yadda yake gyaran shi ne ya kwashe duk abin da ke ciki ya zubar, har da takardar bawan Allah da ke tsaye yana jira. Kwamfuta ba ta san wanne ne shara na gaske, wanne ne jerin sunayen ɗalibai masu zana BEPC ba. Abin da ka ce mata shi za ta yi. Garin neman gira ake rasa ido, kuma a harkar nan an fi rasa shi a minti na farko, lokacin da rai ke ɓace. Ka danna Non. Ba abin da zai ƙara lalacewa don ka ce a'a. Ka ba mai takarda haƙuri, ka ce ya dawo bayan la'asar. Ɓacin ransa na yini ɗaya ya fi masa sauƙi a kan rasa takardar ɗungurungum.

Bari in gaya maka abin da ke cikin kwandon, don wanda ya san cikin abu ba ya firgita da shi. Tun a 1983 kamfanin Apple ya sa kwando a fuskar kwamfutarsa mai suna Lisa, Microsoft kuma ta kawo nata a Windows 95. Dabarar ɗaya ce: in ka share fayil, ba a taɓa rubutun da ke cikinsa, matsar da shi kawai ake yi zuwa wani ɓoyayyen dosiye. A Windows 7 da 10 da 11 sunan dosiyen $Recycle.Bin, a tsohuwar XP kuma RECYCLER. Kowane diski na da nasa. C na da shi, D na da shi, babban diskin waje da kake jonawa da igiya shi ma yana da shi. A cikin kowanne kuma, duk mai asusu a kwamfutar yana da nasa ɗaki, mai doguwar lamba a maimakon suna. Hoton da kake gani a fuskar kwamfuta ƙofa ce kurum, tana tattaro maka abin da ke cikin ɗakunanka na kowane diski ta jera maka wuri guda.

Fayil ɗin da aka share kuwa gida biyu ake raba shi. Ka san yadda ake yi da buhun albasa in za a loda wa mota zuwa Abijan ko Akara: albasa na cikin buhu, alamar mai ita na rubuce a jiki. In ruwa ya wanke alamar, albasa na nan lafiya lau, rigima kawai a kan ta wace ce. Haka Windows ke yi. Ainihin fayil ɗin ana sake masa suna, ya fara da $R, sai wasu haruffa shida marasa ma'ana. A gefensa a ajiye wani ɗan ƙaramin fayil da ya fara da $I, wanda ke riƙe da sunan asali, da girma, da wurin da aka ɗauko shi, da lokacin da aka share shi. Sau da yawa in kwando ya ƙi buɗewa, ƙananan nan ne suka rikice, ko izinin shiga ɗakin ya gurɓace. Kayan suna nan. Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna maka a rai kafin komai.

Me ke rikita su? A ƙasarmu, na farko wuta ce. Kwamfutar tebur ba ta da batir irin na tafi-da-gidanka. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubuta wani abu a diski, a nan rubutun zai tsaya, rabi an yi rabi ba a yi ba. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana fama har zuwa Maris na 2024. Ko da tashar hasken rana da aka buɗe a Malbaza a 2018 tana nan kusa da mu, wanda ke aiki da kwamfuta ya san wuta na zuwa tana tafiya, musamman da bazara. Mai janareto ma bai tsira ba, don mai na ƙarewa ba sallama. Ni a ganina, duk wanda ya iya sayen kwamfutar tebur amma ya ce ondular, akwatin batirin nan da ke riƙe wuta in an ɗauke, ta yi masa tsada, bai gama lissafi ba. Minti biyar ɗin da take ba ka ka rufe aiki ka kashe na'ura cikin natsuwa, su ne ke tsakaninka da rabin matsalolin da ake kai wa masu gyara.

Na biyu shi ne fizge diskin waje ba tare da ka gaya wa kwamfuta za ka cire ba. Na uku, diski ya cika maƙil. Na huɗu ƙwayar cuta, irin wadda ke yawo a kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, daga shago zuwa shago. Tun 2008 wata mai suna Conficker ta yi suna wajen ɓuya a dosiye mai suna RECYCLER a jikin kile, don ta san ba mai leƙa wurin. Akwai kuma abin da ya shafi kwamfutocinmu na hannu, waɗanda suka yi rayuwa a wani ofis a Turai kafin su iso mana ta Ƙonni ko Sakkwato. An sake zuba musu Windows sau da yawa, kowane zubi ya bar ɗakin tsohon mai asusu a diski D, ɗakin da sabon mai asusu ba shi da mabuɗinsa. Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na ƙarshe: diskin kansa ya fara mutuwa. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, na'ura na cikin ɗakin kwano tun safe har dare. Diski mai juyawa ba ya son haka. In wurin da ya fara lalacewa ya faɗo daidai inda kwando yake, to ƙin buɗewar nan sallama ce yake yi maka, yana gaya maka ka kwashe kayanka.

Saboda haka ka fara da kunne. Ka kashe rediyo, ka kara kunnenka a jikin akwatin. In ka ji wani ƙas-ƙas yana maimaita kansa, ko kwamfutar na sandarewa duk lokacin da ta je karanta wani abu, kada ka gyara komai. Ka nemo wani diskin, ka kwafe aikin mutane, mafi muhimmanci da farko. Akwai ƴar manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta rahoton lafiyar da diski ke ajiyewa game da kansa. In ta nuna rawaya ko ja, ka yarda da ita.

In ba ka ji komai ba, sai ka bi ƙananan magunguna, waɗanda ba sa zubar da komai. Ka cire duk abin da ke jone, kile da diskin waje da katin waya, ta hanyar da ta dace, sannan ka sake tayar da kwamfutar. Ka zaɓi Redémarrer, don a Windows 10 kashewa ta yau da kullum ba ta wanke komai sarai, tana ajiye wani abu don ta tashi da sauri. Kada ka raina wannan mataki. Tunda kwando na tattaro kaya daga kowane diski, diskin waje ɗaya mai ciwo ya isa ya hana ƙofar duka buɗewa. Kana cire shi sai ka ga ta buɗe. In ba ta buɗe ba, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta shell:RecycleBinFolder, ka danna Entrée. Wata hanya ce ta shiga wuri ɗaya, kuma in ta yi aiki ka san hoton fuskar ne kawai ya samu matsala. In ita ma ta ƙi, ka tayar da na'urar a Mode sans échec, inda Windows ke tashi ita kaɗai ba tarkacen manhajoji, ka sake gwadawa. Duk lokacin da ya buɗe, ko da sau ɗaya ne, kada ka tsaya murna. Ka zaɓi abin da ake bukata, ka danna Restaurer, ka kwafe shi waje.

To in duk ya ƙi fa? Sai a zagaya ta baya. Manhajar 7-Zip, wadda ake buɗe ƙunsassun fayiloli da ita, tana da taga da ke nuna dosiye yadda yake, ba kwalliya. Ka buɗe ta da izinin administrateur, ka shiga C, ka shiga $Recycle.Bin, ka shiga ɗakin mai doguwar lamba. Za ka ga tarin $R da $I. Sunayen ba za su gaya maka komai ba, amma wutsiyar sunan tana nan: mai ƙarewa da docx takardar Word ce, mai xlsx lissafi ne, mai jpg hoto. Ka kwafe masu $R zuwa wani diski, ka riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya har ka tarar da abin da kake nema. Aiki ne mai cin rai, na sani. Ka dafa shayi ka zauna. Mai gyaran da ya san aikinsa yana iya tayar da kwamfutar da Ubuntu daga kile, ba tare da ya zuba komai ba, ya kwaso su haka nan. Wannan ya fi ma aminci, don Windows na barci yayin da ake aikin.

Sai kayan mutane sun fita, ka buɗe su ka gani da idonka, sannan ake maganar gyara. Ka nemo Invite de commandes, baƙar tagar nan, ka buɗe ta da izinin administrateur. Ka fara da chkdsk C: /f, wanda ke bin tsarin diski yana daidaita abin da ɗaukewar wuta ta bari a karkace. Zai ce sai an sake tayar da na'ura; ka yarda, ka bar shi ya gama, kuma kada ka fara shi a lokacin da ka san wuta na shirin tafiya. Bayan nan sai umarnin da kowa ke faɗa wa kowa:

rd /s /q C:\$Recycle.Bin

Ma'anarsa a rushe dosiyen da duk abin da ke ciki, kuma kada a tambaye ka ko ka tabbata. Windows za ta gina sabo da kanta. In kana da D, ka maimaita da harafin D.

A nan nake so ka natsu ƙwarai, ɗana, don layin nan wuƙa ce. Tsakanin C:\ da alamar $ babu fili. In yatsanka ya zame ka bar fili a wurin, ka ba kwamfuta umarnin ta rushe diski C gaba ɗaya, kuma ka riga ka ce mata kada ta tambaye ka. Za ta fara, ba za ta ji kunyarka ba. A madannai irin namu na Faransanci, karkatacciyar sandar nan ana samunta da AltGr da 8, kuma a nan hannu ya fi yin tuntuɓe. Ka rubuta, ka ɗauke hannu, ka karanta harafi-harafi, ka kira wani ya karanta maka, sannan ka danna. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Yaron da ya ga layin a wayar abokinsa ya zo yana cewa minti ɗaya zai gyara maka, ka tambaye shi me /s ke nufi, me /q ke nufi. In ya yi shiru, ka gode masa, ka ce ya zauna ya sha ruwa.

Wataƙila kana karanta wannan ne bayan ka riga ka danna Oui. Ba a yanke ƙauna ba tukuna, amma daga yanzu kowane minti na da daraja. A diski mai juyawa, zubar da kwando ba ya goge rubutun nan take. Wurin kawai ake yi wa alamar cewa babu mai shi, duk wanda ya zo ya rubuta a kai. Don haka ka daina aiki da kwamfutar. Kada ka buga wata takarda, kada ka sauke fim, kada ma ka hau intanet. Manhajojin ceto irin su Recuva, ko PhotoRec ta Bafaranshen nan Christophe Grenier, suna iya tsinto abin da ba a riga an rubuta a kansa ba. Sharaɗi biyu ne: kada a zuba manhajar a diskin da ake ceto daga gare shi, kada kuma a sauke abin da aka ceto a cikinsa. In kuwa diskinka sabon samfuri ne, SSD, wanda ba ya juyawa, to ka shirya zuciyarka, don shi yana share wurin da aka saki da kansa jim kaɗan bayan an zubar. Gara ka gaya wa mai takarda gaskiya yau, ka sake buga masa kyauta, da ka yi ta ce masa gobe.

Akwai wata ɗabi'a da nake gani wurin matasa masu riƙe da kwamfuta, kuma ita ce ke mayar da ƙaramar matsala babba. Mutum ya ga fuskar kwamfuta ta cika, sai ya tura takardu cikin kwando da niyyar in an tambaya ya ɗauko. Wata shida, shekara, lissafin wata ƙungiyar manoma na zaune a kwandon shara. Haba ɗana! Kwandon nan yana da iyaka. In ya cika, tsofaffin ciki yake fara zubarwa, ba shawara. Windows 10 da 11 na da wani tsari, Assistant de stockage, wanda in yana kunne yake share abin da ya kwana 30 a kwando. Manhajojin da ake cewa suna sa kwamfuta sauri, abu na farko da suke yi shi ne zubar da shi. Abin da ka share daga kile ba ya ma bi ta kwando, haka wanda ka share da Maj da Suppr tare. Ka buɗe dosiye a diski D, ka sa masa shekara, cikinsa wata-wata, ka riƙa tura tsohon aiki can. Duk ranar Juma'a kafin ka rufe shago ka kwafe shi a diskin waje, ka tafi da diskin gida. Kwafin da ke kwana a ɗaki ɗaya da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ko yoyon rufi ɗaya ya ishe su su biyun.

Ɗaya gefen maganar kuma amana ce, ita ce ma ta fi damuna. Ka dubi abin da ke ratsa hannunka a mako guda. Takardar sayar da gona a fadamar Magiya. Wasiƙar neman bashi. Sakamakon gwaji da wani ya karɓo daga asibitin Galmi, wanda tun 1950 mutane ke zuwa masa daga nesa, ya kawo ka ɗauki hotonsa ka tura wa ɗansa da ke ci-rani. Hotunan biki na matan mutane. Duk wanda ya ce maka ka share bayan ka gama, kai kuma ka danna Suppr ka ce ka share, ka san ba ka share ba. Yana kwance a kwando, duk yaron da ya zauna a kujerarka zai iya buɗewa. Ranar da ka shiga ta baya kana buɗe fayilolin $R ɗaya bayan ɗaya kuwa, za ka ga abin da ba a ba ka izinin gani ba. Ka rufe, ka wuce, kada bakinka ya ɗauke shi zuwa majalisa. Garinmu ƙarami ne. Magana ɗaya in ta fita daga shagonka, kafin magariba ta kai tasha. Abin da mai shi ya ce a share, ka share shi a gabansa, ka buɗe kwando ka zubar yana kallo. Sauran kuma ka sa wa kanka rana a mako, ka duba abin da ke ciki, ka mayar da na mayarwa, ka zubar da saura da saninka.

In kwamfutarka Ubuntu ce ko wata ƴar'uwarta, kamar yadda ake samu a wasu da ƙungiyoyi ke rabawa, labarin bai canza ba sai suna. Kwandon na cikin ɓoyayyen wuri a gidan mai asusu, .local/share/Trash, da ɗaki biyu: files mai kayan, info mai bayanansu. A can ma sunayen asali na nan a jikin fayilolin, ceto ya fi sauƙi. Abin da kan ba da matsala a can shi ne fayil da aka share da ikon shugaban na'ura, ya zauna a ɗakin da ƙaramin mai asusu ba ya iya taɓa shi.

In ka yi duk wannan kwandon ya gyaru, bayan mako biyu ya sake lalacewa, ka gyara ya kuma komawa, ka daina wahalar da kanka da baƙar taga. Diskin ne. Ka kwafe komai, ka ɗauki akwatin ka shiga motar Malbaza ko ta Ƙonni. In ka isa wurin mai gyara, kafin ka zauna ka ce masa: Malam, don Allah kada a yi formataj sai na ga kayana a wani diski. Ka faɗa da bakinka, ka sake faɗa, don da yawansu wanke na'ura su zuba sabuwar Windows shi ne aikin da ya fi musu sauri, kuma ba mugunta ba ce, layi ne ke jiransu. Ka tsaya a wurin yayin da yake kwafewa. Ka roƙe shi ya buɗe akwatin ya hure ƙurar fanka tunda an zo. In ya sa sabon diski, ka karɓi tsohon ka dawo da shi gida, kada ka bar shi a teburinsa, don takardun mutanen Dogarawa na nan a cikinsa.